Diraif Ɗin Baba Ya Ƙi Wankuwa

“Ya ƙi,” in ji Darakta.

“To sake dannawa mana.”

“Na danna har yatsana ya mutu. Cewa yake ba za a iya ba.”

Auta ta ture mijin nata daga kan kujera, ta zauna gaban kwamfutar da mayafi ɗaure a ƙugu kamar mai shirin dambe. A kan teburin, tsakanin kofin shayin da ya huce da tarin batiran kyamara, jan diraif ɗin mahaifinta yana kwance, ’yar fitilarsa sai ƙyaftawa take, ba abin da ya dame ta. Ɗan akwati ne da bai wuce tafin hannu ba, irin wanda ake jona wa kwamfuta a zuba bidiyo da hotuna. Ta zaɓi bidiyon, ta danna gogewa. Kwamfuta ta ce a’a. Ta ce to a yi wa diraif ɗin fomatin, a wanke shi tas kowa ya huta. Kwamfuta ta yi ɗan nazari, ta sake cewa a’a.

“Ka ga abin da bakinka ya jawo mana,” ta ce ba tare da ta dube shi ba.

Darakta bai musa ba. Sana’arsa ɗaukar bidiyon taro, sunan Darakta kuwa shi ya raɗa wa kansa ranar da ya buɗe wannan ɗan shago mai koren labule. Surukinsa bai taɓa kiransa da shi ba. Tun da ya auri Auta, “mai hoton nan” yake ce masa, ko da yana zaune a gabansa. Sai makon jiya da tsohon ya yi ritaya daga shugabancin sashen adana takardu na wata babbar ma’aikata, aka shirya masa walimar bankwana, ya aiko a ce wa mai hoton nan ya zo da kayan aikinsa. Wannan ne karo na farko da ya damƙa masa wani abu bayan ’yarsa.

Kowane mai ɗaukar bidiyo yakan gwada makirfo kafin jama’a su hallara. Wasu su ce “ɗaya, biyu, gwaji.” Darakta ba ya haka. Shi hawa mumbari yake ya kwaikwayi mai taron, wai don ya daidaita sauti da irin muryar da za a ɗauka. Ran nan ma haka ya yi, zaure ba kowa sai kujeru. Bai lura kyamara tana ɗauka ba. Da aka tashi, Baba ya miƙa masa jan diraif ɗin da ma’aikata suka ba shi kyauta, an zana sunansa a jiki, ya ce a zuba masa komai, kada a yanke ko da numfashi. Darakta ya juye katin kyamara gaba ɗaya ya kai.

Sai yau da safe, yana tace nasa kwafin, ya ji muryar surukinsa tana fitowa daga bakinsa. Ya kashe da sauri. Yau ɗin nan bayan cin abincin rana za a kunna bidiyon a falon Baba, dangi duk an gayyace su, har da gwaggonnin Auta biyu waɗanda ba sa ganin abu su bar shi ya kwana. Allah ya taimaka tsohon ya tafi ganin likitan ido. Auta ta garzaya gida, ta gaishe da Mama a kicin, ta zare diraif ɗin daga durowar ɗakin karatu, ta fito da shi a jaka.

“Mu sa masa guduma,” in ji Darakta. “Mu ce faɗuwa ya yi.”

“Daga cikin durowa? Kan me ya faɗa, kan guduma?”

“To ɓarawo.”

“Ɓarawon da ya tsallake talabijin ya ɗauki abu mai sunan Baba a jiki. Kai dai kwaikwayo ka iya, ƙarya ba ka iya ba.” Ta cire wayar diraif ɗin ta naɗe. “Ɗauko laftof ɗinka da bidiyon da ka tace. Wajen Injiniya za mu.”

“Wannan ƙawar taki? Kafin yamma duk layin masu gyara sun ji.”

“Zaɓi ɗaya. Ko layin masu gyara, ko Gwaggo.”

Ya ɗauko makullin babur.

Shagon Injiniya yana ƙarƙashin matattakalar wani bene, a layin da kowa ke gyaran wani abu. Matattun laftof jibge har rufi, fanka ba murfi tana juyawa tana barazana ga kunnen duk wanda ya miƙe tsaye. Injiniya tare suka yi makaranta da Auta, kuma tun a lokacin ba a ba ta sirri sai an rasa yadda za a yi. Tana cikin kwance wata kwamfuta, ƙaramin sukurdireba a baki, suka faɗo.

“Ƙawata, lafiya? Ke da angonki kamar an koro ku.”

Auta ta dire diraif ɗin. “Wanke mana shi. Yanzu.”

“Ya ƙi fomatin,” in ji Darakta. “Ya ƙi gogewa. Ya ƙi komai.”

Injiniya ta juya shi, ta karanta sunan da ke jiki, ta ɗaga gira. Ta jefar da wayar da suka zo da ita gefe, ta ɗauko tata mai kauri ta jona. Ya ƙi. Ta sauya kafar da ta soka shi. Ya ƙi. Ta kai shi kan wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙasan teburi, nan ma ya ƙi. Sai ta kara shi a kunne kamar mai sayen kankana, tana saurare.

“Ba ya ƙwanƙwasa, ba ya kuka. Lafiyarsa ƙalau, ya fi ku lafiya ma. Kulle shi aka yi.”

“Kamar yaya kulle?”

“An sa masa doka. A karanta abin da ke ciki, amma kada a ƙara, kada a rage. Ba da kansa ya yi ba, wani ne ya zauna ya sa.”

Auta ta dafe kai. “Washegarin walima Baba ya koma ofis. Mama ta ce wai ya je wajen mai kula da kwamfutocinsu a sa wa abin kwaɗo, kada jikoki su yi ɓarna.”

“Jikoki,” in ji Injiniya, tana kallon Darakta sama da ƙasa. “Ga babban jika nan da gemu. To me ke ciki?”

“Bidiyon taro ne kawai.”

“Bidiyon taro ne ya sa zufa ta jiƙa maka riga har baya? Ni fa ƙa’idata ba na goge abin da ban gani ba. In gobe aka zo bincike, me zan ce?”

“Yaushe kika fara wannan ƙa’idar?” in ji Auta.

“Yanzu.”

Ba yadda suka iya. Ta kunna.

Ga zaure ba kowa. Ga Darakta ya hau mumbari, ya ja cikinsa gaba, ya zamo da tabarau na ƙarya zuwa ƙarshen hanci. “Ehem. Kamar yadda yake a rubuce,” muryar Baba ce sak, mai kauri da jan kalma, “ni ban taɓa yar da takarda ba. Ehem. Takardar da aka naɗe min sabulu ranar da na kama aiki tana nan, fayil na bakwai, shafi na uku. Kamar yadda yake a rubuce, na aurar da ’yata ga mai hoto, kuma ina da kwafinta biyu a kabad, ko da wannan ta lalace.”

Injiniya ta zame daga kan kujera. Sukurdireba ya faɗi. Auta ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

“Ke ma dariya kike?” in ji Darakta. “Ubanki ne fa.”

“Ba dariya nake ba,” ta ce, hawaye na zuba. “Baƙin ciki ne.”

Darakta ya miƙa hannu zai kashe, Injiniya ta buge shi. “Tsaya, da saura.”

Da saura kuwa. Shi da safe bai kai nan ba, tsoro ya sa ya kashe. A cikin bidiyon ya sauko daga mumbari, ya sake hawa da wata tafiya daban, ya zaro hankici. Wannan karon sabon shugaban sashen yake yi, mataimakin Baba da ya daɗe yana jiran kujerar. “Ranka ya daɗe, tafiyarka ta karya mana zuciya,” ya fashe da kuka, yana leƙe ta gefen hankici. “Wa zai maye gurbinka? Wa? Af, ni ne ashe. A kawo min kujerar in zauna, kukan ya fi daɗi a zaune.” Ya fyace hanci da ƙara har makirfo ya yi ƙugi.

Mai gyaran waya na shagon kusa ya leƙo yana tambayar wa ya rasu. Injiniya ta kore shi, ta share ido da bayan hannu.

“Mijin ƙawata, ka ɓata rayuwarka a bayan kyamara. Wallahi asara zan yi in na goge wannan.”

“Goge,” in ji Darakta.

Ta buɗe wani baƙin allo wanda ba hoto ba maus, sai rubutu. Ta buga umarni, jerin diraif ɗin da ke jone da kwamfutar ya fito, kowanne da lambarsa da girmansa.

“Nan ake yin kuka na gaske,” ta ce. “Ka zaɓi lambar da ba ita ba, ka wanke kwamfutarka ka bar mai laifi yana dariya. Kowa ya yi min shiru.”

Ta duba girman, ta zare diraif ɗin ta ga wace lamba ta ɓace, ta mayar ta ga ta dawo. Sannan ta zaɓe shi, ta cire masa dokar, ta ce a share. Kafin Darakta ya haɗiye yawu an gama. Ta yi masa sabon fomatin, ya karɓa ba gardama kamar ba shi ba.

“Shi ke nan?”

“Da so kake ya yi jawabi? Kawo tataccen.”

Aka fara zuba bidiyon da ba gwajin makirfo a ciki. Koren layin da ke nuna ci gaban aiki ya kama rarrafe. Darakta ya tsaya a kansa yana masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jaki. Ana tsakiya wayar Auta ta yi ƙara. Mama ce.

“Auta, kuna ina? Gwaggonninki sun iso. Babanku ma ya dawo tun ɗazu, likita bai riƙe shi ba.”

“Yana ina, Mama?”

“Ina jin ya kwanta. An ɗiga masa magani a ido.”

Auta ta kashe wayar, ta dubi Injiniya. “Mayar da kwaɗon yadda yake.”

“Sai an gama zubawa. Ƙawata, sata ma tana son haƙuri.”

Da aka gama ta mayar da dokar, ta goge diraif ɗin da gefen zanenta, ta miƙa wa Darakta. “In an kore ka daga dangi ka zo, ina neman mai jawo min kwastoma.”

Darakta ya tuƙa babur kamar wanda ya ari rai. A ƙofar gida suka tsaya suka daidaita numfashi. Daga falo ana jin muryar gwaggonni suna yi wa labulen Mama sharhi. Suka bi ta baya, suka cire takalma. Shirin mai sauƙi ne, Auta ta shiga ɗakin karatu ta mayar, shi ya tsaya a bakin ƙofa yana gadi.

Ta tura ƙofar a hankali. Labule a sauke, ɗakin da duhu-duhu. Ta kai hannu ga durowa, ta tarar da ita a buɗe.

“Ajiye shi a kan teburi,” in ji Baba.

Yana zaune a kujerarsa a lungu, da baƙin tabarau irin wanda likita ke bayarwa, hannu biyu a kan sanda. Auta ta ajiye kamar abin yana da zafi.

“Ce wa mai gadin naki ya shigo. Ina jin numfashinsa tun daga nan.”

Darakta ya shigo, ya durƙusa tun daga bakin ƙofa. “Barka da hutawa, Baba. Ya idon?”

“Idon yana gani. Ina kuka kai shi?”

“Ƙura muka ga ya yi,” in ji Auta.

“Ke yi shiru, ke ɓarauniya ce kawai, laifinki ƙarami ne. Kai nake tambaya.”

Darakta ya duba hagu, ya duba dama, bai ga ƙaryar da za ta ɗauke shi ba. “An wanke shi, Baba. Akwai wani abu a ciki da bai kamata ba.”

“Wanda nake da kwafin Auta biyu a kabad?”

Daga falo wata gwaggo ta ce labulen ma ba a wanke shi ba.

“Tun daren walima na kalla,” in ji Baba. “Kana tsammani don jikoki na je aka kulle shi? Jikokina sun fi ku hankali.” Ya nuna kabad da sanda. “Auta, buɗe.”

Ta buɗe. A saman tarin fayil-fayil ga wani baƙin diraif, ga faifai biyu a cikin leda, kowanne da ’yar takarda manne.

“Duk tsawon aikina ban taɓa ajiye abu kwafi ɗaya ba. Kai da bakinka ka faɗa a kan mumbari, amma ba ka saurari kanka ba. Tashi.”

Darakta ya miƙe.

“Yi min.”

“Na’am, Baba?”

“Yi ni. A nan. Ina so in gani ba ta talabijin ba.”

“Baba, don Allah a yi haƙuri, sharrin shaiɗan ne.”

“Shaiɗan bai iya muryata haka ba. Yi.”

Darakta ya dubi matarsa yana neman ceto, ya tarar ta juya tana karanta bango. Ya ɗan turo ciki. Ya ce, “Ehem. Kamar yadda yake a rubuce...”

“Kuskure.” Baba ya buga sanda. “Ba na gyaran murya kafin magana. Bayan na gama nake yi, don a san na gama. Shekara da shekaru kana zuwa gidan nan kana cin abincina, wannan ma ba ka lura ba. Sake.”

Ya sake. Baba ya gyara masa tsayuwa, ya ce cikin ya yi yawa. Ya sake. A karo na gaba tsohon ya gyaɗa kai.

“To yanzu yi mai kukan.”

Darakta ya zaro hankici, ya yi. Da ya kai wajen a kawo kujera, wani sauti ya fito daga ƙirjin Baba kamar ana jan tsohuwar durowa. Auta ta waigo a tsorace, don tun tana yarinya ba ta taɓa jin sa ba. Dariya ce. Ya cire baƙin tabarau ya share ido, ya ce maganin likita ne ke sa shi hawaye.

“Mutumin nan,” ya ce, “tun ina da sauran shekaru a ofis yake auna kujerata da ido. Ran nan ya rungume ni ya jiƙa min riga. Ba wanda ya faɗi gaskiya a walimar nan sai kai, kai ma zaure ba kowa.”

Darakta ya fara sakin numfashi. Baba ya mayar da tabarau.

“Kwaikwayo na yafe. Amma ka ɗauki abin da aka adana, aka kulle, ka kai shi kasuwa aka goge. A ofishina da masinja ya yi haka, ko hularsa ba zai tsaya ɗauka ba.”

“Na tuba, Baba.”

“Za ka tuba da hannu. Ka san ɗakin ajiya na bayan gida?”

Darakta ya sani. Ɗaki ne da kwalaye suka kai rufi, Mama ta daɗe tana roƙon a bar ta ta sa masa ashana.

“Duk takardar da ke ciki za ka ɗauke ta hoto, gaba da baya, ka sa a cire kwaɗon ka zuba a wannan da ka wanke, tunda ka samar masa fili. Duk ranar hutu. In ka gama ka yi kwafi.”

“Baba, ai kafin ya gama ya tsufa,” in ji Auta.

“Ke za ki riƙa miƙa masa. Yanzu ɗauko baƙin diraif ɗin, mu je falo. Wanda ba a yanke ba za a kalla, shi kuma a gaba zai zauna, tsakanin gwaggonninki.”

Darakta ya ce, “Baba, ko a tsallake farkon? Kada maganar mai kukan ta fita, ta kai ofis.”

“Ta kai. Duk abin da ya shafi ma’aikata sai an ba ma’aikata kwafi. Jiya na aika musu.”

“Har da farkon?”

“Na ce maka ba na yanke ko numfashi.” Ya yi gyaran murya, alamar ya gama.

Suna fitowa baranda aka buga ƙofar gida, bugu mai nauyi, ba na dangi ba. Mama ta buɗe. Wata mata ce doguwa, ba wanda ya san ta, jaka a hammata, waya a hannu. A bayanta mota tana tsaye ba a kashe ba. Ba ta amsa sannu da zuwan Mama ba. Ta ɗaga wayar, sautin fyace hanci ya cika tsakar gida, gwaggonni biyu suka leƙo ta taga a tare.

“Mijina, sabon shugaban sashe guda, tun jiya ya kulle kansa a ɗaki, ko ofis bai iya zuwa ba,” ta ce, tana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. “An ce a gidan nan zan sami wanda ya kwaikwayi kukansa.”

Baba ya matsa gefe guda, ya nuna Darakta da sanda.